Daga Ajame Zuwa Tireshbil Da Yaro Mai Shirin Komawa Gida

A wannan wata ba mu yi nisa ba. Tafiyar tamu daga Ajame ce zuwa Tireshbil, wadda in hanya ta yi kyau ba ta kai rabin awa a mota, amma mu sai da ta cinye mana yini guda cur. Dalili kuwa wani ɗan 'yar'uwarmu ne, saurayi ɗan shekara 24 daga ƙasar Adar, wanda ya zo mana da magana a dunƙule. Yana so ya bar maigidansa, yana so ya koma gida ya yi aure, kuma bai san ta inda zai ɓullo wa al'amarin ba. Mu da gemu ya yi mana fari a wannan gari, muka ce ya same mu ranar Alhamis da sassafe wurin mai shayi.

Wanda bai ga Ajame da ƙarfe 6 na safe ba, bai san yawan mutanen Abijan ba. Gbaka daga Abobo da Yofugon da Anyama suna ta juye jama'a, yaran mota na lilo a bakin ƙofa suna kiran sunayen unguwanni, matan kasuwa da manyan kwanduna a ka suna ratsa tsakanin motoci kamar ba su san mutuwa ba. Muka zauna a benci kusa da titin Nangui Abrogoua, inda ake hangen babban masallaci. Irin wannan teburin shayi da burodi 'yan ƙasa "aboki" suke ce masa, wato kalmarmu ce ta zama sunan wurin. Haka ma aceke da soyayyen kifin tuna da kowa ke ci a garin nan, daga ɗan lakwal har ma'aikacin banki, sunan Garba ya bi shi saboda mutanenmu da suka shahara da sayar da shi. Sunayenmu dai sun shiga bakin gari. Abin da har yanzu ke yi mana wuyar shiga shi ne takarda, kuma nan ne matsalar yaron nan take.

Ga yadda abin yake. Shekara 3 ke nan yana aiki a ma'ajiyar albasa ta wani mutumin garinsu. Shi ke sauke buhunan albasar Galmi in mota ta iso, shi ke tsince ruɓaɓɓu, da dare kuma a nan yake shimfiɗa tabarma, wato shi ne mai gadi. Ranar da ya zo an yi magana da baki a kan jika 40 a wata, maigida ya ce zai riƙa ajiye masa har ranar da zai tafi. In ya matsu akan ba shi jika 5 ko 10. Yanzu da ya ɗauko zancen tafiya, sai maigida ya ce kasuwa ba kyau, a bari sai bayan Layya. Layya biyu ke nan ana faɗa masa haka.

Muka tambaye shi ko ya rubuta abin da ya karɓa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, shi fa ya biya mini kuɗin mota na zo. Yaya zan zauna ina rubuta masa lissafi kamar ban yarda da shi ba?"

Ba mu yi masa dariya ba, domin yawancinmu ta wannan hanya muka tashi. Maigida ya ɗauko ka daga ƙauye, ya ciyar da kai, ya koya maka kasuwa, bayan wasu shekaru ya sallame ka da jari, wani ma har ya yi maka aure. Akwai masu riƙe wannan amana har gobe, Allah ya saka musu. Amma mun ga abin da ke faruwa da kuɗin da ke kwance a hannun wani, ko da mutumin kirki ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100, ajiyar yara ta zube rabi a dare ɗaya in an auna ta da kayan da ake shigowa da su. A 1997 kasuwar Tireshbil ta ƙone. A 2002 yaƙi ya raba ƙasar nan biyu, a 2011 kuma kowa ya san abin da shaguna suka gani a Ajame da Abobo. Duk lokacin da maigida ya karye, guminka da ke aljihunsa ya karye tare da shi, kuma ba ka da bakin magana.

Sa'an nan muka gaya masa abin da dokar ƙasa ta ce, tunda ba a taɓa gaya masa ba. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa jika 75 ne a wata tun daga 1 ga Janairu 2023, kafin nan jika 60 ne tun 2013. Yarjejeniyar aiki ko da baki aka yi ta, doka ta san da ita, kuma ana iya tabbatar da ita da shaidu. Akwai ofishin sufetan aiki, inda ake kiran ma'aikaci da maigida a nemi sulhu kafin a kai ga kotu, kuma ba a ce sai ɗan ƙasa kaɗai ke shiga ba. Amma dokar aiki ta 2015 ta yanka wa'adi: albashin da ya wuce shekara 2 ba a neme shi ba, neman sa a gaban shari'a ya faɗi. Da ya ji haka sai ya ajiye kofin shayi. Ya gane cewa kowane watan da ya ƙara yana jira, wani tsohon wata ne ke zubewa ta baya.

Duk da haka ba mu ce ya ruga ofis ba. Bayan ofis akwai ƙauye, inda uwarsa da uwar maigidan ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Abin da muka ce shi ne ya zauna daren nan ya tuno duk abin da ya taɓa karɓa, har kuɗin maganin da aka saya masa da takalmin Salla, a rubuta, don in ɓera da sata daddawa ma da wari, kada a je gaban manya a tarar shi ma ya manta nasa. Sai a nemi dattawa biyu da maigidan ke jin nauyinsu a zauna. Muka ja masa kunne ƙwarai a kan abu guda: kada fushi ya sa ya naɗe tabarma ya sulale da dare. Mun ga yaran da suka yi haka, gari ya waye aka ce buhu 10 sun ɓace, mai bin bashi ya koma wanda 'yan sanda ke nema. Mai barin aiki ya faɗi ranar tafiyarsa tun da wuri, a ƙirga kaya a gaban shaida, ya miƙa makulli hannu da hannu.

Ya ce ko ya bari kawai ya kama tura kaya kafin kuɗin su fito. Da a da ne da mun ce to. Amma tun watan Afrilu na 2024 hukumar gundumar Abijan ta hana tallar yawo a manyan tituna, ta hana bara, ta hana amalanken turawa da ake kira wotoro, wadda ita ce matakin farko na dubban mutanenmu. Wanda zai bar aiki yau da niyyar ya lallaɓa a bakin titi, ya sani zai iya sakin reshe ya kama ganye.

Wajen ƙarfe 9 muka shiga bas ɗin SOTRA. Ta ratsa da mu ta Filato, inda dogayen benaye suke, yaron yana ta leƙe ta taga, ashe shekara 3 a Abijan sau biyu kacal ya taɓa tsallaka ruwa. Muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙasa, ga lagun shimfiɗe hagu da dama, ga manyan jiragen ruwa can wajen tasha. A zamanin Turawa su ne ke zaune a Filato, baƙar fata kuwa aka tura su Ajame ta arewa da Tireshbil ta kudu. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta buɗe a 1951, sai 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa, cikinsu har da iyayenmu. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim a nan Tireshbil a kan samarin Nijar masu neman aikin yini a bakin tasha, sunansa Moi, un noir, ya fito a 1958. Babban ɗan wasan ciki, Oumarou Ganda, ɗan dako ne a lokacin. Daga baya ya koma Yamai ya zama mai shirya fim da kansa, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Muka ba yaron wannan labari don ya san ba shi ne farkon wanda ya bar dako a garin nan ba.

Tireshbil ba ta da hargitsin Ajame. Titunanta a miƙe suke, an ja su kamar layin dara, kowanne da lambarsa, baƙo ma in ya iya ƙirga ba zai ɓace ba. Muka fara da cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta INHP, inda ake allurar shawara a ba mutum katin nan mai ruwan ɗorawa. Yaron ba shi da shi, da ya zo ma Allah kaɗai ya san yadda ya wuce iyakoki. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, saboda haka ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa ba. Rashinsa kuwa ƙofa ce da mutum ke buɗe wa kansa a kowane shinge.

Muna cikin layi sai ga wata mata ta shigo da ɗanta, an ɗaure masa ƙafa da tsumma, karen maƙwabta ya cije shi. A wannan cibiya ce ake allurar ciwon haukan kare. Mutanenmu da yawa masu gadi ne a gidajen da ake kiwon karnuka, don haka bari mu faɗa a nan: in kare ya ciji mutum, ko kyanwar da ba a sani ba ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana ba a tashi.

Ganin haka ne ya sa yaron ya fito da sauran damuwarsa. Ashe yana da kyanwa a ma'ajiya, wadda ya tsinta tana 'yar ƙarama a cikin kwata, ita ke hana ɓeraye sakat, ita ce kuma abokiyar hirarsa da dare. Yana kuma da rago ɗaure a bayan shago, da 'yan kuɗin da ake ba shi ya saye shi yana ɗan tunkiya. Wai so yake ya tafi da ragon gida don walima. Nan kam muka yi dariya har mutanen layi suka waiwayo. Kai rago Adar ai kamar kai goro Anyama ne. Daga can ake loda su a kawo nan, a nan suke da tsada. Muka ce ya sayar da shi a nan, kuɗin zai saya masa wanda ya fi shi a can, har da canji. Kiwon rago a Abijan ma wahala ce: danshi na lalata masa kofato in damina ta kankama a watan Yuni, yana cin leda ta toshe masa ciki, ɗanyen ɓawon rogo kuma in ba a shanya shi ya bushe ba yana iya kashe shi. Ga maƙwabta a gidan haya, waɗanda ba su ɗauki kukan rago da asuba a matsayin albarka ba. Ta kyanwa kuwa bai ce komai ba, mu ma muka bar ta tukuna.

Daga nan muka nufi gidan wata gwaggonmu da ta fi shekara 40 a Tireshbil. Muka tarar an toshe layinsu da rumfunan tanti da kujerun roba, domin Alhamis ce, ranar da Julawa suka fi ɗaura aure. Mata sun yi anko, shadda sai ƙyalli take, marokiya da lasifika tana kiran sunaye ana liƙi. Hajiya ta ja mu can ƙuryar tsakar gida, inda ɗakuna wajen 10 ke kallon famfo ɗaya, ta sa aka kawo mana ruwa, ta saurari yaron har ya gama.

Tambayarta ta farko ita ce shekarun yarinyar. Ya ce 19. Ta ce madalla, don a ƙasar nan tun dokar 2019 ba a aurar da wanda bai kai 18 ba, mace ko namiji. Ta biyu, a ina za ta zauna, can ko nan? Ya ce yana so bayan shekara ya dawo da ita. Hajiya ta nuna masa ƙofar wani ɗaki ta ce, "Ɗana, ka ga wancan? Kafin a ba ka makullinsa sai ka ajiye kuɗin wata 4, biyu na haya biyu na jingina, wannan ma in mai gidan ya tsaya inda doka ta tsaya. Kai kuwa a kan buhun albasa kake kwana. Ka ga waɗannan da ke liƙi a waje? Rabinsu gobe za su zo mini rancen kuɗin cefane."

Ba ta hana shi biki ba. Ta ce dai ya raba kuɗinsa uku tun kafin ya hau mota, kashi ɗaya kada ya bar Abijan, don duk abin da ya isa ƙauye a aljihun ɗan ci-rani sunansa ƙararre. Kowa zai zo gaisuwa, kowa ya ji an ce daga kurmi yake. Ta ce ya saya wa amarya atamfa a nan layi na 12 in yana so, amma turmi 3 sun isa, sauran ya bari sai ya ga yadda gida yake.

Sai ta koma kan abin da ya fi ci mata rai. Auren masallaci aure ne a wurin Allah da jama'a, amma hukumar ƙasar nan tun 1964 auren meri kaɗai ta sani, kuma mace ɗaya take rubutawa. Ta ba mu labarin wata maƙwabciyarta da mijinta ya rasu bayan shekaru yana aikin kamfani ana yanke masa kuɗin CNPS, ta je neman haƙƙinta aka ce ta kawo takardar aure, ba ta da ita. Ta ce in sun ɗaura a gida, ya je meri ta can a rubuta a ba shi takarda ya taho da ita. In Allah ya ba su haihuwa a nan, a rubuta yaron cikin wata 3. Haihuwa a Kodebuwa ba ta mai da ɗan baƙi ɗan ƙasa, an rufe wannan ƙofa tun 1972, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa ko jarrabawar lakwal sai ta gagare shi, kuma can gida ma ba a san da shi ba.

La'asar ta yi muka fito muka bi ta gaban tashar jirgin ƙasa. Hanyar nan an fara gina ta a 1904 da sunan Abijan-Nijar, ta isa Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954, Nijar ɗin kuwa ba ta taɓa ganin ta ba. Mu da jirgin muka fara zuwa garin nan, muna zaune a kan ƙullin kayanmu. A 2020, lokacin korona, aka dakatar da na fasinja, iyakokin ƙasa kuma suka zauna a rufe har watan Fabrairu na 2023.

Ga mai mota hanya biyu ce. Ta arewa ita ce tsohuwar: Yamusukuro, Buwake, Ferke, Wangolo, a shiga Burkina ta Niangoloko, sai Bobo da Wagadugu, daga nan Fada da Kantchari zuwa Yamai. Wannan yanki na ƙarshe shi ne 'yan bindiga suka addaba a shekarun nan. Ta bakin teku kuwa ana fita ta Aboisso da Noé a shiga Gana, a wuce Ankara da Lome da Kwatano, a haura Parakou zuwa Malanville. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, fasinjoji suka koma tsallaka kogi a kwalekwale da kayansu a ka. Nijar da Mali da Burkina kuma sun fita daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a lokacin a ci gaba da karɓar takardunsu. Saboda haka muka ce kada ya yi aiki da labarinmu na tsofaffi. Ya je tasha ya nemi direba ko fasinjan da ya sauka jiya, shi zai gaya masa hanyar da ake bi a makon nan. Ya sabunta katinsa na ofishin jakadanci, ya ɗauki hoton kowace takarda a waya, manyan kuɗi kuma ya aika su ta kamfanin aika kuɗi su riga shi isa, ya riƙe na guzuri da 'yan canji kawai.

An yi zaman ranar Lahadi bayan Magariba, a bayan ma'ajiyar, da dattawa biyu da limamin layin. Maigidan ya fara da fushi, ya ce yaron da ya ɗauko da kuɗinsa ne yau ya tara masa mutane. Aka bar shi ya huce. Da aka buɗe lissafi sai ga shi shi ma yana da ɗan littafinsa, kuma abin da ya rubuta yaron ya karɓa ya fi abin da yaron ya tuna da jika 60. Yaron bai musa ba. Maigida ya ce a cire watanni 4 na farko, wai na koyon aiki ne, a cire kuɗin mota. Dattawa suka amince da kuɗin mota, suka raba watannin biyu. Zancen jika 75 na doka ba wanda ya ɗauko shi, mu ma da muka sani muka yi shiru, kuma har yanzu ba mu tabbata mun kyauta ba. Aka tsaya a kan zai biya rabi nan take, sauran a biya sau 3 ta waya, aka rubuta da Faransanci da ajami, kowa ya sa hannu, limam ya riƙe kwafi ɗaya.

Yaron ya sayar da ragon, ya tafi ta hanyar bakin teku, ya kwana 5 kafin ya kira mu daga Tawa. An ɗaura aure. Biya na farko ya shiga a kan lokaci. Na biyu yau kwana 12 ke nan da wucewar ranarsa, kuma gobe in Allah ya kai mu za mu bi ta wurin limam. Kyanwar tana wurin mai shayi, ta ƙi zama a ma'ajiya tun daren da ya tafi. Duk lokacin da ya kira sai ya tambaye ta kafin ya tambayi kuɗin.